Aljihun Kwat

Ni ne mai zama a bayan labule
da takarda da tocila mai raunin batir.
In wani ya manta zancensa, in raɗa masa.
Wata uku muna gwaji a ɗakin taro na Naraguta,
ruwan Agusta yana dukan kwano
har sai mun ɗaga murya kamar masu rikicin gado.

Wasan tsoho ne, na mutanen Ingila,
Malam Gyang ya juya shi Hausa da jan biro.
Irin wanda mace kan sa kayan maza,
kowa ya so wanda ba shi ba,
a yi ta karo cikin rana tsaka kamar makafi,
sai dab da tashi a cire hula, a gane juna, a ɗaura aure.

Barira ce mai shigar mazan.
Kwat ɗinta daga gwanjon Katako muka sayo,
ya fi ta kafaɗa, aka naɗe hannun sau biyu,
gashin baki kuwa gawayi ne da man shafawa.
In ta tako tana wara ƙafa irin ta samari
ɗaki ya ɗauki dariya,
ni kuma yatsana ya zame daga layi.
Mai tuna wa mutane ya manta inda aka tsaya.

Zancen so na kowa na haddace,
na attajiri, na kuyanga, har na wawa,
amma nawa ya tsaya a wuya kamar ƙayar kifi.
Sai na rubuta. Ban sa suna ba.
Daren wasa na zura takardar a aljihun kwat
da ke rataye a ƙusa, na gudu.

Ashe kwat biyu ne.

Dachung, mai fitowa a tsohon alƙali,
ya laluba neman hankici, ya ci karo da zuciyata.
Ya dubi Kangyang mai gugar kaya,
don ita ke rataye su.
Ita kuwa shekara biyu tana ƙona masa kwala saboda kallo.
Ba ta ce ita ce ba. Ba ta ce ba ita ba ce.

Bayan sati Barira ta tare ni a Farin Gada,
ina cinikin dankali.
Ta ce, na ga takardar, na san rubutun.
Ashe aikin alheri kake yi a ɓoye?
To rubuta min irinta.
Akwai wani da ba ya gane komai sai an raɗa masa.

Na rubuta, kishi yana cin hannuna.
Na zuba duk abin da ya rage, na ba ta.
Washegari da sanyin asuba
na sa hannu a aljihun rigar sanyina, ga ta a ninke.
Na ce, ba ta yi mata ba, ta dawo da ita.
Kunya ta sa na daina bin hanyar ajinsu.

Shekara tara ke nan.
Jiya a Rayfil, wajen bikin ɗan Dachung na uku,
Kangyang tana zuba min gwate, ta ce,
kai dai Tanimu, ka iya wulaƙanci.
Yarinya ta sa maka wasiƙa a aljihu da hannunta,
ta jira amsa har ta gama makaranta.

Na riƙe cokali.
A wasa, nan ne wani ke raɗo maka abin faɗa.
Na waiga. Babu labule,
sai duwatsu, da yara suna bin balan-balan,
da gwaten yana hucewa.